Sabon Kifin Nemo a Tanki: Awo Ya Fi Tausayi

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan kifin teku ne mai launin lemo, wanda ya yi ɗamara da farare uku, kuma ko ya gama girma da wuya ya wuce santimita 11. Da yawa daga cikinmu a fim muka fara ganinsa, wato Finding Nemo da kamfanin Pixar ya fitar a 2003, shi ya sa sunan Nemo ya bi shi har yau. Masana suna kiran danginsa Amphiprion, kuma sun kai kusan iri 30, suna zaune a tsakanin duwatsun murjani na Tekun Indiya da yammacin Fasifik da Bahar Maliya. Tekun Atlantika ba shi da ko ɗaya, don haka duk wanda aka gani a tankin gilashi a Legas ko Abuja ko Accra, daga nesa zuriyarsa ta taso. Yana cikin kifayen ruwan gishiri da aka fi saya a duniya, kuma makonninsa na farko a sabon tanki su ne mafiya haɗari a rayuwarsa. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, a waɗannan makonni ba sakaci ne ya fi kashe shi ba. Tausayi ne, irin wanda ba a auna ba. Mai kifi ya ga ya maƙale a lungu sai ya ce kaɗaici ne, ya ƙaro masa 'yan'uwa. Ya ga bai ci ba sai ya ƙara zuba abinci. Ya ga ba shi da makwanci sai ya garzaya ya sayo masa irin gidan da ya gani a fim. Dukkansu da kyakkyawar niyya ake yin su, kuma duk suna iya zama ajalinsa.

Bari mu fara da jikin kifin, domin a nan komai ya ta'allaƙa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, amma gishirin da ke jinin kifin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Saboda haka dare da rana teku tana tsotse ruwan jikinsa, shi kuma yana ramawa ta hanyar shan ruwan gishirin, yana fitar da gishirin ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa. Aiki ne da ke cin ƙarfi, kuma jikin ya riga ya saita kansa a kan adadin gishirin da ya saba. Masu kiwon tarwada a cikinku za su ce ai mu kwashe ruwan kwami muke yi gaba ɗaya mu zuba sabo, kifi na nan lafiya. Gaskiya ne, amma tarwada kifin kududdufi ce, tana da gaɓar da take shaƙar iska kai tsaye, ta saba da ruwan da yake cika da damina ya ƙafe da rani. Kifin Nemo ya fito ne daga ruwan da gishirinsa da zafinsa da wuya su motsa daga safe zuwa dare. To ga inda matsalar take: shaguna da yawa suna ajiye kifayensu a ruwa mai ƙarancin gishiri, na'urar awo ta nuna 1.020 ko ƙasa da haka, don tattalin gishiri da kuma rage cuta, alhali tankin gida mai murjani yana kan 1.025 ko 1.026. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Jikin kifi kuwa yana jin sa, kuma hawa daga ruwa mai sauƙin gishiri zuwa mai nauyi ya fi sauka wahala, domin hawan ne ke ƙara masa ƙishirwa farat ɗaya. Tambaya ta farko da ta kamata mai saye ya yi a shago ke nan: nawa ne gishirin ruwanku? Ko an faɗa masa, in ya koma gida ya ɗiga ruwan ledar da aka ɗauro kifin a ciki a kan na'urarsa ya gani da idonsa.

Kafin ma a kai ga leda, akwai aikin da ya kamata a gama tun makonni da suka wuce. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama, kuma ko kaɗan ce tana ƙona gaɓoɓin numfashi. A teku yawan ruwa ne ke tafiya da ita. A tanki mai lita 75, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da aka fi ba da shawara ga kifaye biyu, babu mai tafiya da ita sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin duwatsu da yashi da matata. Rukuni na farko yana mayar da amoniya ta zama naitirait, na biyu ya mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda cutarwarta ba ta kai ta farko ba kuma ana rage ta da canjin ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su iya aikin, sai an ɗauki mako 4 zuwa 6. Ruwan yana iya yin garau tun kwana na biyu, amma garau ba shaida ba ce. Shaida ita ce kayan gwaji su nuna amoniya sifiri, naitirait sifiri. Wani zai ce tsoffin masu wannan harka da kifi mai juriya suke fara tanki, har da shi Nemon, kuma da yawa sun rayu. Sun rayu, ba musu. Amma labarin waɗanda suka rayu kawai muke ji, na waɗanda aka kwashe da safe aka zubar ba mai ba da shi, kuma wanda ya rayun ma ya shiga rayuwarsa ta tanki da raunin da ke buɗe ƙofa ga cuta. Tunda a yau ana iya ciyar da ƙwayoyin da ɗigon amoniya na kwalba ko ɗan abincin kifi ba tare da an saka mai rai ba, hujjar ta faɗi.

Ranar kawo kifi, abin da aka saba koyarwa shi ne a kashe fitilar tanki, a ɗora ledar a rufe a kan ruwa na minti 15 zuwa 20 har zafin ciki da na waje su daidaita, wato tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos. Daga nan a juye kifi da ruwansa a bokiti mai tsabta, a jawo siririn tiyo daga tanki, a ɗaure shi ƙulli ɗaya yadda ruwa zai riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, har na bokitin ya ninka sau biyu ko uku cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Wannan daidai ne ga kifin da aka ɗauko daga shagon cikin gari. Amma a nan ne tausayi ke yin ɗaya daga manyan ɓarnarsa, domin mutum yana ganin in awa ɗaya ta yi kyau, awa uku ta fi. Ɗauki kifin da aka ɗaure a leda a Jakarta ko Manila ko Florida, ya kwana ya wuni a hanya. Duk tsawon tafiyar yana fitar da amoniya, yana kuma fitar da iskar kabon da ke sa ruwan ya yi tsami. Abin mamaki, wannan tsamin ne ke kare shi, domin a ruwa mai tsami amoniya tana komawa wata siffa wadda ba ta shiga jiki da sauƙi. Da zarar an buɗe leda, iskar kabon ta fice, tsamin ya ragu, ga kuma ruwan tanki marar tsami ana ɗiga masa, sai amoniyar da ke kwance ta farka ta zama guba. Mai kifi yana zaune yana ƙirga ɗigo yana ganin lallashi yake yi, alhali kifin yana ƙonewa a bokiti. Ga irin wannan kifi, abin da ya dace shi ne a daidaita zafi leda na rufe, a auna gishirin ruwanta, a gyara na tankin da zai karɓe shi ya yi daidai da na ledar, a ɗauke shi a saka ba jinkiri, sannan a riƙa ɗaga gishirin a hankali cikin kwanaki. Ka ga ke nan ko haƙuri ma ba ya isa shi kaɗai. Sai an san daga ina kifin ya fito da kuma awa nawa ya yi a ɗaure. A kowane hali, ruwan leda ba ya shiga tanki. Kuma kofin roba ko tafin hannu mai jiƙe ya fi raga, domin raga tana kankare yauƙin jikinsa, wanda shi ne garkuwarsa ta farko. Sannan a rufe tankin, don kifin da ya firgita da dare yana iya tsalle ya faɗo ƙasa.

Na ambaci tankin da zai karɓe shi, kuma da gangan ban ce babban tankin falo ba. Sabon kifi ya kamata ya fara zama a ƙaramin tankin killacewa na kimanin mako 4: ba yashi, ba ado, sai hita, matatar soso da aka riga aka jiƙa ta da bakteriya, da guntayen bututun roba da zai ɓuya a ciki. Dalili shi ne cututtuka uku. Akwai Cryptocaryon mai fito da fararen ɗigo a jiki, akwai Amyloodinium mai sa jiki ya yi kamar an barbaɗa masa ƙura, wanda ke kisa cikin kwanaki, sannan akwai Brooklynella wadda ta fi kama wannan kifin har ake kiranta cutar Nemo a tsakanin masu kiwo: fata ta yi fari-fari, yauƙi yana saɓulewa, numfashi ya yi sauri. Masu adawa da killacewa suna da magana mai nauyi. Suna cewa tanki fayau yana ƙara firgita kifi, ƙaura biyu ta fi ƙaura ɗaya wahala, ƙaramin ruwa saurin lalacewa yake yi, ga kuma ƙarin kashe kuɗi. Ban ƙi ba, kuma tankin killacewar da aka haɗa a gurguje ranar da kifi ya iso yana iya kashe shi da amoniya kafin wata cuta ta same shi. Amma wannan hujja ce ta a shirya shi da kyau tun da wuri. A duba ɗaya ɓangaren. Maganin da ya fi aiki a kan cututtuka biyu na farko na jan ƙarfe ne, shi kuwa jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma duwatsu suna tsotse shi, don haka ba a zuba shi a babban tanki. In cutar ɗigo ta shiga can, sai an kwashe kifaye duka a bar tankin ba kifi na kwana 76, domin an ga ƙwayar tana iya kwanciya a ƙasa har kwana 72 kafin ta ƙyanƙyashe. Mako 4 da aka guje wa ya koma wata biyu da rabi, ga asarar kifayen da ba su ji ba su gani ba.

Yanzu kifi ya shiga ruwa, kuma a nan ne ake gwada zuciyar mai shi. Zai gan shi ya zaɓi kusurwa guda, sau da yawa can sama kusa da hita ko bayan famfo, yana rangaji sama da ƙasa ba ya zuwa ko'ina. Da dare ya haska tocila ya gan shi a kwance a gefe guda kan yashi, ko yana shawagi a saman ruwa, gabansa ya faɗi. Duk wannan halinsa ne. Ba gwanin iyo ba ne, a teku ma ba ya nisa da gidansa, kuma kwana ɗaya ko biyu ba ci ba abin tashin hankali ba ne. A bar fitila a kashe ranar farko, a hana yara ƙwanƙwasa gilashi, kada a yi ta cusa hannu ana sauya wa duwatsu wuri. Washegari a jefa 'yan ƙwayoyin abinci biyu ko uku, ko ɗan jatan landen kankara da aka narke, a tsaya a kalla. Abin da bai ci ba cikin 'yan mintuna a zuƙe shi, domin gobe amoniya ne. Alamomin da suka cancanci a tashi tsaye daban suke: numfashi da sauri baki a buɗe, fikafikai a tsuke, goga jiki da dutse, launi ya dusashe ko fata ta yi hazo, ƙin abinci da ya wuce kwana uku ko huɗu. Ko a nan ma matakin farko gwada ruwa ne, kafin a kai hannu ga kwalbar magani.

Batun kaɗaici kuwa, a nan ne kimiyya ta fi ba mu abin ji. Duk kifin Nemo da namiji yake fara balaga. A kowane gida, mafi girma ita ce mace guda ɗaya, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuma 'yan jiran layi ne da ba sa haihuwa. In macen ta mutu, mijin ya rikiɗe ya zama mace, na ƙasa da shi ya hau matsayinsa. Hans Fricke da Simone Fricke ne suka bayyana wannan a 1977 daga binciken da suka yi, har da nau'in da ke Bahar Maliya. A 2003 kuma Peter Buston, wanda ya yi nazarinsu a Madang ta ƙasar Papua New Guinea, ya nuna cewa na ƙasa yana taƙaita girman jikinsa ya tsaya a kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ke samansa, don kada a gan shi barazana a kore shi. Har ma a 2024 masu bincike a Okinawa ta Japan suka gano cewa nau'in da aka fi kiwo ya fi kai hari ga kifin da ke da farare uku irin nasa, fiye da mai ɗaya ko marar ko ɗaya. Wato wanda ya fi kama da shi, shi ne babban abokin gabarsa. To mai tausayin da ya ƙara uku ko huɗu don a ɗebe kewa, fagen dambe ya gina, kuma a tanki wanda aka kora ba shi da inda zai gudu. Hanya mafi aminci ita ce a sayi biyu 'yan ƙanana a saka su tare, ko ɗaya ya fi ɗaya girma a fili. Wanda yake da tsohon kifi guda da ya daɗe shi kaɗai ya ɗauka cewa mace ce, kuma mace ba ta komawa namiji, don haka ƙarami sosai zai kawo mata. Manya biyu mata sai ɗaya ta ga bayan ɗaya. Za a ga kora da ɗan cizo a kwanakin farko, za a ga ƙaramin ya karkata gefe jikinsa na karkarwa kamar mai farfaɗiya. Ba ciwo ba ne, mubaya'a ce yake yi, kuma alama ce ta za a zauna lafiya. Sai in fikafikai sun yayyage ko an hana shi cin abinci ne za a raba su da akwatin raga na 'yan kwanaki.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta animoni, dabbar nan ta teku mai kama da fure, wadda yatsunta ke da dafi. Za a ce, kai da kake ta maganar halittar kifin, ai a teku ba a taɓa samunsa ba sai tare da ita, ta yaya za ka ce ya zauna babu gidansa? A teku haka ne, kuma dalilin a fili yake: ɗan kifi mai haske marar gudu in ya bar animoni, abincin wani ne. A tanki babu mai farautarsa. Tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya fara hayayyafa su don kasuwa a Florida, kuma har yau a gonakin kiwo a jikin tukunyar fure ta ƙasa ko guntun tayil suke saka ƙwai, zuriya bayan zuriya ba su taɓa ganin animoni ba. Ita animonin ce ma mai wuyar sha'ani. A cikin fiye da iri 1,000 da ake da su, 10 kacal ke karɓar wannan kifi, kuma kowane nau'in kifi da waɗanda yake so. Tana buƙatar haske mai ƙarfi da tankin da ya kai aƙalla wata 6 da kafuwa. In wuri bai yi mata ba tafiya take yi, ta faɗa bakin famfo ya niƙa ta, ko ta mutu a bayan dutse ta gurɓata ruwan a dare guda. Ko an saya ma babu tabbacin kifin zai kula ta. Yana iya share watanni yana manne da hitarsa. Masu tura shi cikinta da ƙarfi kuwa cutar da shi suke yi, domin kifin yakan fara taɓa ta ne kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Wanda yake son ganin wannan zama na ban sha'awa zai gani, amma bayan shekara, ba a makon farko ba. Kuma tun a shago, kifin gona ya fi na kamun teku sauƙin zama: ya saba da gilashi da abincin gwangwani, ya fi ƙarancin ɗaukar cuta, kuma ba ya cikin hatsarin gubar sayanayid da aka daɗe ana kama kifin ado da ita a wasu yankunan Filifin da Indonesiya duk da haramcin doka.

Akwai abu biyu da littattafan Turai da Amurka ba sa damuwa da su, amma mai tanki a Kano ko Sakkwato ko Yamai dole ya sa su a gaba: zafi da wuta. A watan Afrilu zafin waɗannan garuruwa yana haura digiri 40, kuma ruwan da ya haura 30 ya fita daga abin da kifin ke jurewa na tsawon lokaci. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, na gishiri kuma dama bai kai na rijiya riƙewa ba, don haka in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, sa'o'i ake ƙirgawa, kuma sabon kifin da ya riga ya galabaita shi ne zai fara tafiya. Fanka a kan ruwa tana rage zafi, amma tana ƙara ƙafewa, shi kuwa gishiri ba ya tashi da tururi, yana nan yana ƙara kauri. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, kullum, kaɗan-kaɗan, a kan layin da aka ja a jikin gilashi. Kifin nan in ya zauna lafiya yana wuce shekara 10, wasu har 20, Buston ma ya ƙiyasta cewa mace a teku tana iya kaiwa 30. Wanda bai tanadi inbata ko sola ko aƙalla famfon iska mai batir ba, kuma ba shi da ɗakin da zai riƙe sanyi a bazara, ya bar ledar a shago tukuna.